Karen Maharbi da Jifan Ummaru

Duk cikin tsofaffin Kebbe ban san wadda ta kai Kaka Ige iya ja wa yaro rai ba. Da an idar da sallar Isha'i sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya tura dankalinsa cikin toka. Ta ce, "Ga ta nan," kafin mu rufe baki da amsawa ta koma gyaran wuta, ko laluben guntun goron da ta ƙulle a bakin zane tun safe. Ni ne mai gajen haƙuri, kuma sunan kakanmu na ci, don haka ni take tsokana.

"Maigida, in sauri kaka yi, tashi ka tafi. Tatsuniya ba ta da ƙafa."

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce ta maharbi da karensa. Wai karen a karkace yake gudu kamar kaguwa, amma bai taɓa bin zomo ya dawo baki wayam ba. Sauran maharba suka riƙa yi wa ubangidansa dariya, har kunya ta ishe shi. Sai ya yanko tsumagiya, kullum karen ya karkace ya tsula masa. Ran nan aka fita farauta, kare ya kama zomaye huɗu da gudunsa na gado, maharbi ya karɓi zomayen, ya kuma zane shi a gaban jama'a. Da gari ya waye sai igiya kawai ya tarar.

Na ce, "To ai laifin karen ne, Kaka. An ce ya miƙe, ya ƙi."

Ta dube ni ta cikin hayaƙi. "Kai wanga miji, kanka awa dutsen niƙa. Zomo fuɗu fa! Cikinsu wane yac ce mai gudun bai yi kyau ba?"

Na yi fushi na kwashe dankalina ɗanye na tafi.

Shekaru suka ja. Lokacin da aka ba mu jiharmu ta Sakkwato, kuɗin mai na ambaliya, aka tura ni kwas na koyo ƙwallon kwando, aka ajiye ni malamin wasanni a wata makarantar kwana a Tambuwal. An zuba mana filin siminti, an kafa ƙarafa da raga, an kawo kambas har da na ajiya. Na dawo da usur a wuya da littafi a hammata, ina jin duk ƙasar nan ba wanda ya san yadda ake riƙe ƙwallo sai ni.

A nan na gamu da Ummaru, wani dogon yaro ɗan Sanyinna. Littafi ya ce a ɗaga ƙwallo bisa goshi a tura da hannu ɗaya. Shi kuwa sai ya ranƙwafa, ya kamo ta da hannu biyu daga wajen gwiwa ya watsa sama, yadda manomi ke jefa gero bakin rumbu. Can ya koya, wajen mahaifinsa. Abin takaicin, ba ta kuskure raga. Na yi bayani, na zana a allo, na yi tsawa har muryata ta dushe. Ya ce, "To, Malam." Ya yi irin nawa sau biyu ta bauɗe, ina juya baya in ji ragar ta yi fas.

Aka sanar cewa masu zaɓen 'yan wasan jiha za su zo daga Sakkwato. Ummaru ba ya da zance sai wannan, har wanke kambas ɗinsa yake kullum. Ni kuma abin da ke cina shi ne kada baƙi su ga jifan rumbu a filina su ce ban iya aiki ba. Ana saura mako muka yi wasan gwaji da wata makaranta, na ja masa kunne. Da wasa ya yi zafi ya manta da ni, ya koma jifansa, muka ci. Yara suka ɗauke shi a kafaɗa, malaman baƙin suna dariya suna kwaikwayon ranƙwafawarsa.

Washegari a taron safe na kira shi gaban makaranta duka. Na karɓe rigar wasansa, na sa shi ya durƙusa a kan simintin da ƙwallo bisa goshi har aka tashi hutun ƙarfe tara. Na ce ba zai taka filin ba ranar zaɓe. Bai yi kuka ba, bai roƙe ni ba. Da yamma na tarar da kambas ɗinsa a ƙofar ofishina, a wanke, an ɗaure igiyoyinsu wuri ɗaya. Wallahi ko a lokacin tatsuniyar Kaka ba ta faɗo mini ba. Cewa na yi yaron nan ya cika taurin kai.

Masu zaɓe suka zo suka tafi, ba su ɗauki kowa ba. Ummaru ya gama makaranta bai sake taɓa ƙwallo ba.

Sai bayan na yi ritaya wata rana lokacin girbi na bi ta Sanyinna a kan babur, na hango wani dogon dattijo gindin rumbu yana watsa gero sama, ɗansa na kan tsani yana cafewa. Tun daga nesa na gane ranƙwafawar. Ya sheda ni, ya russuna, ya sa aka kawo fura. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Ummaru, na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Haba Malam, ya wuce tun tuni." Ya miƙe ya ɗebi zangarniya, sannan ya yi murmushi. "Sai dai ka ɗan juya baya, Malam. Har yau haka nika jifa, kar ranka shi ɓaci."

Na sha furar na kama hanya. Tun ina ɗan shekara bakwai tsohuwar nan ta gaya mini, a bakin wuta, ba ko sisi, na tsaya musu da ita. Yau in jikokina suka ce in yi musu tatsuniya, ta karen nake yi. Kuma duk wanda ya ce laifin karen ne, ba na barinsa ya tashi da dankalinsa.