Idon Inna Fanta

Duk wanda ya san Afra'u a Rano, da kwamfuta a cinya ya san ta. Ita ke haɗa wa masu shaguna shafin intanet. Ka ce launi ja kake so, ja za ta yi maka. Ka ce a sa hoton jikanka, za ta sa. Amma salon rubutu? Tabɗi! Sai Inna ta gani.

Inna Fanta mahaifiyarta ce. Karatunta na yaƙi da jahilci ne, ga yana ta fara rufe mata ido. Kowane shafi Afra'u ta gama, sai ta miƙa mata waya a tsakar gida, rana na dukan gilashin. Tsohuwa ta nesanta wayar, ta karkata kai, ta ƙanƙance ido ɗaya. In ta karanta, aiki ya yi. In ta kasa, sai ta ce, "Wannan rubutu ne ko sawun kaji? Ƙara musu jiki, 'yar nan."

Bara da kaka Inna ta rasu. Har yau in Afra'u ta gama shafi, hannunta kan kai wayar wajen tabarmar Inna kafin ta tuna babu mai karɓa. Daga nan ta daina yarda da idonta. Abin da mai aiki ya ce shi take yi, abin yana cin ta a rai.

Sai ga Alhaji Badamasi, mai sayar da iri da maganin feshi. Shi siraran haruffa yake so, masu lanƙwasa, ruwan zinare, irin na katin bikin 'yarsa. Alhali a shafin nan manoman Lausu da Fassi za su duba awon maganin da za su dama. A karanta shi ba daidai ba, gona ta ƙone.

"Alhaji, ba za su karantu ba," in ji ta.

"Ikon Allah! Ni da shafina?"

Ta yi masa yadda ya ce. A idonta na yarinya rubutun tar yake, kuma wannan ne ya fi ba ta tsoro.

Ran da ta kai masa, ta tsaya a wajen rumfa. "Alhaji, don Allah fito nan. A rana za su duba shi."

Ya fito yana mita, tabarau ɗinsa na can kan buhu. Ya karɓi wayar. Ya nesanta ta, ya karkata kai, ya ƙanƙance ido ɗaya.

Can ya ce, "Bar mini sunan shagon da zinarensa. Sauran kuwa... ƙara musu jiki, 'yar nan."

Ya miƙo mata wayar. Afra'u ta kasa ɗaga hannu ta karɓa.

"Lafiya?" ya tambaya.

"Lafiya lau, Inna," ta ce.