Sunan da Ke Gefen Layi

A ofis ana kiranta Anti Tab, kuma tana amsawa. Aikinta rubuta manhajar da shagunan magani ke amfani da ita. A wannan sana'a akan tura farkon layi ciki kaɗan, don a gane wane umarni ne ke ƙarƙashin wane. Wasu su danna maɓallin tab sau ɗaya, wasu su yi ta dukan dogon maɓallin tazara kamar masu kashe kiyashi. Ita 'yar tab ce, don kuwa haka yayanta ya koya mata.

Shi ya fara rubuta manhajar kafin Allah ya yi masa rasuwa. A tsarin aikin kuwa, gefen kowane layi yana nuna sunan wanda ya taɓa shi na ƙarshe. Kullum da safe sai ta buɗe kwamfuta, ta ga sunansa a jere, ta ce, "Ina kwana, Yaya," sannan ta ɗauki shayinta. Ko gyara ya kama, zagaye layukansa take yi.

Sai aka kawo sabon shugaban sashe, mutumin da sai ya goge tebur da hankici kafin ya ajiye waya. Ɗan Tsafta suka sa masa. Bai shawarci kowa ba, ya mayar da duk tab ɗin manhajar tazara a lokaci ɗaya, wai don aiki ya yi kyan gani. Washegari Anti ta buɗe. Daga sama har ƙasa sunan Ɗan Tsafta ne.

Ba ta yi kuka a gabansa ba, amma ta ƙullace shi, ƙullata ta gaske.

Da farko ya ji daɗi, manya na ta yaba masa. Ashe sauyin ya rikita wasu umarnai, sai shaguna suka fara kira: nan abu ya tsaya, can magani ya ɓace daga allo. Duk wanda ya zo wurinta, sai ta juya masa kwamfuta cikin fara'a ta ce, "Duba mana, sunan wa ke jiki? Ga ofishinsa can." Bawan Allah ya rame, hankicin ya koma na share gumi. Ita kuwa har ƙarin sukari take yi a shayi.

Ranar da abin ya ishe shi, ya zo ya tsaya a gefen teburinta.

"Anti, don Allah ki yi haƙuri. Ki mayar da komai tab, na amince."

"In na mayar, sunan wa zai fito?"

"Naki mana."

"To ni ba nawa nake nema ba," in ji ta. "Na yayana ne ka goge."

Ɗan Tsafta ya share gumi da hankici. Wayarsa ta sake ɗaukar ƙara a aljihu.

"Ɗauka, ranka ya daɗe," ta ce. "Mai layin ake nema."