Tumatirin da Jummai ta zana

'Yata Talatu ke rubuta min wannan, ni ban iya ba.

Jiya aka kira mu makarantar su Jummai, jikata. Gasar zane suka yi, kowa ya zana abinci mai gina jiki da ake ci a gidansu. Ita ta zana tumatir, duk ta ɗiga masa baƙi.

Malam ya ce, "Jummai, jan ne ya ƙare?"

Ta ce, "A'a Malam, jajayen na motar Legas ne. Namu haka kakata ke kawowa."

A gaban iyaye! Kuma ni ke ware na sayarwa da na gida a gonar da mijina ya bari. Na ja mayafi na rufe fuska.

A faɗa wa uban yarinyar, gobe kwandon farko na gida ne, Jummai ke bin mu bashi.

Ku wanne kuke zubawa a tukunya?