Sha Uku a Damtsen Autata

Ni dai ban yi nisa a lakkwal, makarantar boko, ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Shekara da shekaru ina raka maigidana awon hawan jini a likitar garinmu, can bayan Sukukutane. In majo, babban ma'aikacin wurin, ya ce awo ya nuna sha bakwai, sai faɗan gishiri da goro. In ya ce sha uku, mu taho gida muna dariya. Haka na riƙe, sha uku lafiya ce.

Wata kaka, ana tsakiyar yankan hatsi, autata mai shekara biyar ta fara tashi da kumburin ido, fitsarinta kamar ruwan shayi. Na kai ta. Majo ya lalubo wani ɗan maɗauri na yara cikin kwali, ya naɗa mata a damtse, ya hura har sau uku. Na ji ya ce wa abokiyar aikinsa ƙasa-ƙasa, "Sha uku."

Na ce, "Alhamdu lillahi, ta fi ubanta!"

Bai ji ni ba, yana rubutu. Ya miƙo takarda. "Inna, ku kai ta Dogon Dutsi yau, kada ku kwana."

Na ɗauka tsoratarwa ce irin tasu. Ba da kunnena na ji lambar ba? Na tura takardar cikin kwalla, na koma kai fura gona. Kwana biyar! Sai da yarinya ta riƙe kai tana amai, tana cewa ba ta ganina da kyau, kana muka hau kabu-kabu, ni da ita.

Likitan Dogon Dutsi ya ce ƙoda ce ta taɓu. Na gaya mashi dalilin jinkirina, ban ɓoye ba. Ya aje biro.

"Inna, shi uban nata shekararsa biyar?"

Sai na ce, "To, ɗana, faɗa mani lambar yara in riƙe."

"Ba guda ba ce. Sai an duba shekaru, da tsawo, da ko mace ce ko namiji." Ya nuna mani takarda cike da lambobi ƙanana kamar tururuwa.

Yarinya ta tashi, Allah ya taimaka, amma an ce a riƙa awo, ba a san ko ƙodar ta warke sarai ba. Duk wata muna zuwa likitar garinmu. Majo ya jingina ta da bango ya gwada tsawonta, ya hura, ya faɗi lamba. Sai in ce, "Mai kyau ce?" In tsaya riƙe da takalmanta, yana bin irin takardar lambobin nan da yatsa.