Ranar da Na Sassaƙa Ƙarfe da Man Gyaɗa

A duk shekarun da na yi ina sassaƙa ƙarfe, akwai rana ɗaya da har in mutu ba za ta fita raina ba: ranar da shagona ya gauraye da ƙamshin ƙosai.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. Ina da ɗan shago a Birnin Kebbi da tsohon injin sassaƙa ƙarfe guda ɗaya. Wata safiya cikin rani sai ga wani dattijo, manomin albasa daga Argungu, rungume da sandar ƙarfen da ke juya injin ban-ruwansa. Ta karye biyu.

"Ɗana, kwana biyu albasata ba ta sha ruwa ba," in ji shi. "In ta kai jibi, noman bana ya tahi."

Ƙarfen da zan sassaƙa masa sabuwa ina da shi. Abin da babu shi ne man da ake ɗiga wa bakin injin don kada ya ƙone. Daga Sakkwato ake kawo mana, nawa kuwa ya ƙare. Na yi ganganci na gwada a bushe, nan take bakin yankan ya yi shuɗi ya dakushe. Saura mini baki ɗaya tak.

Na hau babur na nufi gida Gwadangaji raina a ɓace. Na tarar da matata tana matsar man gyaɗa, don sana'arta ke nan. Da na gaya mata, sai ta miƙo mini kwalba.

"Maigida, ba mai kake nema ba? Ga mai."

"Wanga ai na miya ne."

"Ƙarfen ya ce maka ba shi cin gyaɗa?"

Na yi dariya. A lokacin gani nake duk abin da ba a gwangwanin kanti ya zo ba, ba na injiniya ba ne. Amma ba ni da zaɓi. Tsorona ɗaya, man bai da kaurin da zai jure zafi. Can na tuna malaminmu na makarantar koyon sana'a ya taɓa kankare bakin fensir cikin kwaɗon da ya cije, ya buɗe sumul. Na sayo fensira, muka fasa. Matata ta daka baƙin da ke cikinsu a ɗan turmin kwallinta, ta tace da ƙyalle har sau uku, sai da ya fi kwalli laushi, muka dama cikin man.

Na koma shago, na yi bisimilla na kunna inji. Ƙarfe ya fara fita siriri yana nannaɗewa, ba ƙara, ba ƙuna. Sai dai hayaƙi da ƙamshi! Maƙwabcina mai walda ya leƙo yana cewa, "Haba, a soya ƙosai a hana maƙwabci?" Dattijon kuwa ya cire hularsa yana yi mini fifita, yana ta "Allah shi yi albarka."

Da la'asar na goya shi har gonar a bakin fadama. Muka ɗaura sandar, ya ja igiya, ruwa ya yi tsalle ya bi fangalin albasa. Ya tsuguna ya tara hannu, ruwan ya cika tafinsa. Da kakar albasa ya aiko buhu guda, ya ce ba nawa ba ne, na injiniyar gida ne.

Kwanan baya 'yata da ke karatun injiniya take gaya mini yanzu masana na zuba wani gari irin na cikin fensir da ido ba ya iya ganin ƙwayarsa cikin man gyaɗa da danginsa don yankan ƙarfe, saboda ba ya cin fatar hannu, ba ya ɓata ƙasa. Uwarta ta ce, "To, su zo in koya musu daka."

Tun ranar nan na daina raina abin da ke gidana, na kuma koyi sauraron shawara ko da daga wanda bai taɓa riƙe sifana ba.