Benci Ɗaya da Surukina

Shekarun baya, bayan an koma mulkin farar hula, aka raba mana katin inshorar lafiya a wurin aiki. Lokacin ina fama da faɗuwar gaba da rashin barci, har aka ce sai na ga likitan ƙwaƙwalwa. Ga shi an kai gaisuwata gidan wata yarinya a Sheshe, mahaifinta ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike a kaina. A cikin gari kuwa, in aka gan ka wurin wannan likita, auren ya sha ruwa, ba mai tambayar me ya kai ka.

Sai na ƙirƙiro wani abokina marar lafiya, na shiga yawon asibitoci da sunansa. Nan a ce ba likitan, can a ce akwai amma ba ya karɓar katin gwamnati. Wata nas har ta ce, "Malam, gaya wa abokin naka ya daina gyangyaɗi a kan teburina."

Da ƙyar na samu wani can bayan gari. Na ji daɗin nisan. Na ɗora baƙin tabarau, na ja hula har gira, na sa ɗan acaɓa ya sauke ni nesa da ƙofa.

Ina shiga na tarar gurbi ɗaya ya rage a benci. Wanda ke gefen gurbin kuwa mahaifin yarinyar ne, riƙe da kati irin nawa. Ashe yawon da na sha shi ma ya sha, likitan da ke karɓar katin kuma ɗaya ne tal.

Ban san lokacin da na tuɓe takalmi na durƙusa ba, tabarau da komai.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Abokinka ka kawo?"

"E, Baba."

"Ni ma nawa na kawo. Tashi ka zauna, kada a ƙwace musu layi."

Muka zauna kowa na kallon bango.

Da kawuna ya je jin yadda bincike ya ƙare, Baba ya ce, "Na ba shi. Yaron yana kula da abokinsa."

Yanzu ba na ɓoye cewa ina ganin likita, kunyar ce ma ta fi ciwon wahalar da ni. Amma ni da Baba ba mu taɓa tada maganar ba. Sai dai in ranar komawa asibiti ta matso, yakan ce wa matata, "Ki ce wa mijinki abokina yana gaida abokinsa." Tun da Baba ya rasu, wannan gaisuwar nake kewa.