Wayar da Ta Ƙi Amsa wa Inna Sallama

Shekarar da yanar ido ta rufe wa Inna gani, ni da Yayana mun kai ruwa rana a kan inda za ta zauna. Shi yana Kano, ya gina mata ɗaki a gidansa har da fanka. Ni ina aure a Gumel, ina koyarwa a firamare, ba mu da wurin da zan ajiye ta. Ita kuwa tana ƙauyenmu da ke tsakanin Maigatari da Sule Tankarkar, inda gonakinmu suka haɗe da na mutanen Nijar, kuma ta ce ko da lalube ta san kowane lungu na gidanta, a ƙyale ta. Abin da ya tayar da maganar shi ne ranar da ta zame a bakin randa. Ta daɗe a ƙasa da 'yar ƙaramar wayarta a hannu, ba ta ganin lambar da za ta danna.

Yaya ya ce ƙarshen mako zai zo ya ɗauke ta. Na roƙe shi ya ba ni dama, domin na ga abokan aikina suna amfani da wata manhaja ta AI wadda ake yi wa magana ta amsa da murya, har da Hausa, in ka ce ta kira maka wane ta kira.

"In har Inna za ta iya kiranmu da bakinta ba sai ta nemi kowa ba, na bar ta," in ji Yaya.

Na san don ya rufe mini baki ya faɗa, amma na riƙe maganar gam. Na sayi babbar waya a Gumel, mai shagon ya saka manhajar, muka gwada a gabansa. Baki gare ta kamar dillaliya, tun ban gama tambaya ba ta amsa. Na hau acaɓa zuwa ƙauye ina ji da kaina.

Na zaunar da Inna a kan tabarma, na ɗora mata yatsa a inda za ta danna, na ce ta ce a kira mata Yaya. Ta ce ita ba ta afka wa kowa da buƙata ba tare da sallama ba. Ta gyara mayafi, ta kara wayar a baki.

"Salamu alaikum."

Shiru. Wani ɗan zobe kawai yake juyawa a fuskar wayar. Ta sake yi, ta ƙara na uku, sannan ta miƙo mini.

"Masu gidan ba sa nan, ko kuma ba sa son baƙi. An yi uku, sai a juya."

"Inna, ba mutum ba ce, na'ura ce!"

"To, na'urar ma ai wani ya raine ta."

Daga nan na shiga fama. Na kashe na kunna. Na duba data, tana nan ko taɓa ta ba a yi ba. Na duba ko an ba manhajar izinin jin murya, an ba ta. Na ƙure ƙara, na cire layin na goge shi da bakin zane na mayar. Na kira mai shagon da 'yar wayar Inna, muryarsa tana yankewa, ya ce in kashe in kunna. Na ce na yi. Ya ce to in sake. Da a gabana yake, da ya ji abin da bai taɓa ji ba daga bakin malamar makaranta.

Ina cikin haka saƙo ya shigo da Faransanci, ana yi mini maraba da zuwa Nijar, ni da nake zaune a tsakar gidan da aka binne cibiyata. Sai a lokacin na gane. Wayar ta saki sabis ɗinmu ta kama na ƙetare, domin ya fi ƙarfi a ƙauyen, datar da na saya kuwa ba ta aiki a kansa. Na shiga saiti na zaɓi namu da hannu. Ya leƙo sanda ɗaya, ya ɓace. Ko da ya tsaya, da ƙyar yake ɗaukar kira, balle manhaja mai cin data kamar gara.

Washegari na zagaye gidan da waya a sama. Na je bayan rumbu, na shiga turken awaki, na taka turmi na leƙa katanga, matan maƙwabta suna tambaya ko lafiya. Aka ce mini sai dai in je tudun da ke bayan maƙabarta, can samari suke zuwa kallon ƙwallo a wayoyinsu. Ban je ba. Ko ta yi magana a can, me ta yi wa tsohuwar da za ta faɗi a bakin randa? Na dawo na zauna na yi kuka don haushi. Inna kuwa duk bayan sallah sai ta laluba wayar ta yi mata sallama, wai ko sun dawo. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Yaya ya zo da motarsa ranar da ya ce. Bai yi mini dariya ba, da ma ya yi na samu abin faɗa. Ya karɓi wayar, ya dube ta, ya ajiye, ya fara ɗaure kaya. Inna ta bi bango da hannu tun daga ɗakinta har zaure, ta rufe ƙofa da kanta, ta ba maƙwabciya amanar awaki.

Na bi su don su sauke ni a Gumel. Ina baya tare da Inna, wayar tana kan cinyarta. Mun hau kwalta ke nan bayan Maigatari sai ta yi ƙara, sallamar da ta maƙale duk ta tafi. Wata murya mai daɗi ta cika motar.

"Wa alaikumus salam. Me zan taimaka miki da shi?"

Kafin mu ce wani abu ta sake amsawa, ta kuma sakewa, tana biyan sallamar Inna ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya kafa ido a kan titi. Inna ta saurara har ta gama, sannan ta kara wayar a baki.

"Sannu, baiwar Allah. Ai a gida na yi miki sallama."

Ta miƙo mini wayar, ta ce in kashe ta kada caji ya ƙare a banza.